Sawun Takalmin Velaphi

Matar da ke share mashayar Dlodlo ce ta fara ganin jinin, ranar Asabar da sassafe. Ihu ɗaya ta kurma, ta yar da tsintsiya ta yi titi, kafin rana ta gama ɗagowa rabin unguwar Njube ta birnin Bulawayo ta hallara a bakin ƙofa.

Abin da aka tarar babu kyan gani. Cikin teburan sunuka uku da ke mashayar, na tsakiya ne babba, shi Baba Dlodlo ya sa wa sabon koren ƙyalle saboda wasan ƙarshe da za a buga da yammacin ranar. An sa wuƙa an tsaga shi tun daga wannan kai har wancan. A gindin teburin jini ya kwanta har ya fara daskarewa, ga hular Khulu Chirwa, wato Kaka Chirwa, dattijon da ke gadin mashayar, yashe a gefe. Shi tsohon babu shi babu dalilinsa. Velaphi mai gashin nama, wanda ke kwana a wani ɗan ɗaki a bayan gida, shi ma ko sama ko ƙasa: ɗakinsa a buɗe, wayarsa a kan katifa. Har baron da ake ɗauko itace da shi an nema an rasa.

Wasan kuwa ba ƙarami ba ne. Malume Hadebe, wato Kawu Hadebe, wanda tun yaran unguwar suna goye yake riƙe da kambun sunuka, shi zai kara da Nomvelo mai walda, yarinyar da ta share duk mazan layin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ci shi zai tafi Harare da sunan Bulawayo.

"Ni fa na faɗa tun ranar da aka ɗauke shi aiki," in ji wani direban kombi, ƙaramar motar haya. "Wanda ya sha fursuna kan satar wayar wuta, shi za a ba wa wuƙa a ce yanka nama?"

"Ga sawun takalminsa nan cikin taɓo, ko makaho ya laluba ya gane!"

"Ya kashe tsoho, ya loda gawa a baro ya kai rafi."

"Zikhali na tsallaken titi ne ya biya shi. Tun da aka ce a nan za a yi wasa ba a mashayarsa ba yake cika yana batsewa."

Kafin Sajan Sibindi ya iso, samari sun ɓalle ƙofar ɗakin Velaphi, sun watso kayansa waje, wani har ya fara tambayar wa ke da fetur. Sajan ya daka musu tsawa, ya tsayar da kurata biyu a ƙofar baya, sannan ya ce a kira masa MaTshuma.

* * *

MaTshuma ta yi ƙuruciyarta a dajin Hwange tana bin sawun masu harbin giwa, har sai da gwiwa ta ce ta gaji. Tun da ta dawo gari, 'yan sanda ke nemanta in an kore shanun wani ko an haura katanga. Ita ma 'yar gida ce a mashayar: duk Juma'a tana kan kujerarta ta kusa da firji, da tuwon masara da ƙafar saniya a gabanta, tana kallon wasa tana tsokanar wanda ya zubar, ko da yake ba ta taɓa riƙe sanda ba.

Ta zo tana ɗingishi, ta tsaya a ƙofar kicin ta dubi filin bayan gida. An yi ruwa cikin dare ya ɗauke kafin asuba, ƙasa ta yi laushi kamar kwaɓin fulawa.

"Su waye suka shiga nan?"

"Mutum goma sun fi, Mama," in ji Sajan.

"To Allah ya shirya su. Garken jakai ma ya fi su tausayin ƙasa."

Ta bi gefe, ta durƙusa da ƙyar, ta ƙura wa ƙasa ido. Ƙarƙashin tattakin samarin, sawu iri biyu ne. Na farko takalmin ruwa ne, dogon na roba da Velaphi ke sawa in zai wanke wurin gashi. Kowa ya san shi da facin tayar keke a dunduniya. Ya fito daga kicin, ya je tagar ɗakin Velaphi ya ɗan tsaya, sannan ya fice ta ƙofar lungu. Na biyu ƙafa ce tsirara, babba, ta fito daga ɗakin a guje ta shiga kicin, ta sake fitowa a bayan tayar baro, tayar ta nutse sosai.

"Ashe su biyu ne," in ji Sajan. "Velaphi da abokin aikinsa."

"Su biyu ne. Amma ƙafar nan tsirara ita ce Velaphi. Ka ga ƙaramin yatsan dama babu? Injin niƙa ya cinye shi yana yaro, shi ya gaya min. Mai takalmin kuma ƙafarsa ba ta cika takalmin ba, dubi yadda dunduniya ke zamewa. Aro ya yi."

Ta ɗaga kai ta dubi wata fitila mai aiki da hasken rana da ke maƙale a saman katanga.

"Baba Dlodlo, wannan tana kwana a kunne?"

Mai mashayar, wanda tun ɗazu yake zaune kan akwatin kwalabe ya rafka tagumi, ya ce, "Har gari ya waye. Ko an ɗauke wuta ita ba ruwanta."

MaTshuma ta sake bin sawun mai takalmin a hankali. Ya kauce wa bokitin toka, ya kauce wa tulin itace, ya tsallake tiyo tsaf. Amma ya yi karo da akwatunan kwalabe har ɗaya ya faɗo, ya zurma ƙafa a kwata, ya goga kafaɗa a jikin turken shanya. Ta tsaya a inda ya tsaya, ta dubi abubuwan da ya kauce wa, ta dubi waɗanda ya buge. A jikin bangon dama kuma ga shatin yatsu da shuɗin alli, irin wanda ake goga wa bakin sanda.

"Maye ne?" in ji Sajan.

"Mai maye ba ya zaɓen abin da zai buge." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Wannan zai jira mu. Mu fara bin baro, akwai rai a cikinsa."

* * *

Tayar baron ta bi lungu ta gangara wajen rafi, jama'a na biye a baya suna cewa ai dama sun faɗa. Amma a bakin rafin ba ta ko karkata ba, ta haye 'yar gadar katako ta nufi kwalta. MaTshuma ta nuna wa Sajan wani wuri da baron ya tsaya, ga shatin gwiwoyi biyu a gefensa. Can gaba ma haka.

Ta juya ta fuskanci masu binsu. "Ku da kuka san komai, ku gaya min. Wa ya taɓa ɗaukar gawa zai yar, yana tsayawa a hanya yana durƙusawa yana duba lafiyarta?"

Ta juya ta ci gaba da bin tayar.

A bakin kwalta sawu ya ƙare. Baron na jingine a bayan rumfar wata mai tumatir, da jini a cikinsa. Matar ta ce ita a nan ta tarar da shi, amma a tambayi masu kai burodi, su ne ke wucewa tun duhu. Aka tambaya, aka samu direban motar burodin yana shan shayi. Ya ce ƙwarai, wani ƙato ba riga ba takalmi ya tare masa hanya yana kuka, da tsoho a hannu kamar jariri, shi kuma ya zuba su bayan mota ya kai su babban asibiti.

A barandar asibitin suka sami Velaphi zaune a ƙasa, wata nas ta yafa masa tsohon bargo. Yana ganin kakin Sajan ya miƙo hannuwa biyu a haɗe, kamar wanda ya saba.

"Sauke hannunka, ɗana," in ji MaTshuma. Ta zauna kan benci kusa da shi. "Yaya tsohon?"

"Sun ɗinke kan. Sun ce ya zubar da jini da yawa, amma yana numfashi. Bai farka ba tukuna."

"Me ya hana ka aiko?"

"Na bar waya a ɗaki, Mama. Kuma in aika in ce me? Ga ni jina-jina, tsoho ba ya magana. Wa zai yarda da ni?" Ya share hanci da bargon. "Wata mai zuwa uwar 'yata ta ce za ta fara barin yarinyar ta riƙa zuwa wurina ran Lahadi. Yanzu kuma shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Gaya min yadda aka yi."

Ya ce sun rufe kamar kullum bayan masu kallon ƙwallo sun watse, ya kashe gawayi ya kwanta. Cikin barci ya ji ana buga masa taga da ƙarfi, wata murya ƙasa-ƙasa tana cewa, "Tashi, Khulu ya faɗi, tashi!" Ya fito bai ga kowa ba, bai ga takalminsa a ƙofar kicin ba, ya shiga ya tarar da tsoho cikin jini.

"Muryar wa?"

"Raɗa ce, Mama. Raɗa ba ta da mai ita."

A hanyar dawowa Sajan ya ce, "Mutum ya fasa wa tsoho kai, sannan ya je ya taso mai ceto?"

"Shi ya sa nake ganin ba baƙo ba ne," in ji ta. "Baƙo gudu zai yi. Wannan ya san sunan tsohon, ya san tagar da zai buga, kuma bai so ya mutu ba."

* * *

Zikhali, mai mashayar tsallaken titi, yana kan kujera ana yi masa aski a ƙofar shagonsa suka same shi. Bai jira tambaya ba.

"Na ji an ce ni ne. To ku rubuta: na ji daɗi da aka yaga teburin. Dlodlo ya kwashe min 'yan wasa, ya kwashe min masu cin nama, har mai kiɗan Juma'a ya kwashe. Amma in taɓa Khulu Chirwa? Mutumin da ya yi gadi tare da mahaifina a ma'aikatar jirgin ƙasa?"

"Ina kake jiya bayan an tashi?" in ji Sajan.

"Gidan makoki a Luveve, ina rera waƙar coci da muryar da ba ni da ita. Mutum ɗari sun gan ni, rabinsu sun roƙe ni in yi shiru."

MaTshuma ba bakinsa take kallo ba, ƙafarsa take kallo. Ƙafa ce kamar faranti. Ko da man shanu ba za ta shiga takalmin Velaphi ba, balle ya yi mata yawa.

Nomvelo kuwa tana bakin aikinta, ta tura gilashin walda saman goshi, idanunta jajur. Labari ya riga ya iso mata cewa wasu na cewa tsoro ne ya kama ta, ta sa aka lalata tebur.

"Tsoro? Ni? Mama, tun ina kai wa babana abinci mashayar nan nake leƙen Malume Hadebe ta taga ina koyon yadda yake riƙe sanda. Duk abin da na iya, a hannunsa na sata. Burina a duniya in tsaya gabansa a tebur ɗaya. In yaga teburin in kara da wa?"

"Kun taɓa bugawa?"

"Ko sau ɗaya. Tun sanyin bara ma ya daina bugawa a gaban mutane. In an ce ya zo, sai ya ce zaki ba ya wasa farce a kasuwa. Yana zaune a kusurwarsa da baƙin gilashi, yana ba da shawara."

"Wace kusurwa?"

"Ta wajen ƙofar bayi. Da can kusa da kanta yake zama, sai ya koma can, bango na hagunsa. Mun yi ta tsokanarsa wai ya koma gadin masai."

MaTshuma ita kanta ta ga wannan sauyin kujera da idonta, Juma'a bayan Juma'a, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Gidan Malume Hadebe tsaf yake kamar mai shi. Ya fito cikin farar riga mai guga, da takalminsa fari da baƙi da duk Njube ta sani, yana ƙyalli. Kofuna da lambobin yabo sun cika saman kabad. Ya yi musu maraba, ya jajanta abin da ya faru, ya ce duniya ta lalace. MaTshuma ta nufi kujerar da ke hagunsa za ta zauna, sai ya yi wuf ya ce, "A'a, Sisi, 'yar'uwata, dawo nan, waccan ƙafarta na rawa." Ta dawo damansa. Da zai miƙe ya kawo shayi, ta ga yana tausaya wa ƙafar hagu.

"Ƙafa ta motsa ne, Malume?"

"Tsufa, Sisi. Ke ma ai kin sani." Ya dafa kabad. "An ce tsohon yana asibiti. Zai tashi?"

"Likitoci na sa rai."

Ya sauke numfashi a hankali, ya juya yana gyara kofunan da ba su karkace ba.

Da ya shiga ciki, MaTshuma ta miƙa hannu ta girgiza waccan kujerar. Ko motsi ba ta yi ba.

* * *

La'asar sakaliya, lokacin da ya kamata a fara wasa, Sajan ya tara su a mashayar: Baba Dlodlo, Zikhali, Nomvelo, Malume Hadebe, da Velaphi wanda aka ɗauko daga asibiti aka ba shi aron riga. Jama'a suka cika tagogi da ƙofa. Ba kiɗa, ba hayaƙin nama, teburin tsakiya na nan da tsagarsa a buɗe.

MaTshuma ta fara da Velaphi. Ta faɗi yadda ya tura baro ba takalmi cikin duhu, ta faɗi inda ya durƙusa, ta faɗi abin da likita ya ce: da an ƙara jinkiri kaɗan, da yanzu zaman makoki ake.

"Waɗanda suka nemi fetur da safe, ina fata kuna ji," in ji ta, ba ta ko dubi taga ba.

Sannan ta ce, "Mai takalmin ruwa kuwa, ya shigo tun ana ruwa, ruwan ya wanke sawun zuwansa. Da zai fita ruwa ya ɗauke, ya san in ya taka taɓo da nasa takalmin an gane shi, sai ya zura na Velaphi. Akwai alli a yatsunsa, wato ɗan wasa ne. Amma rabin ɗakin nan 'yan wasa ne, wannan bai raba gardama ba."

"To me ya raba?" in ji Zikhali.

"Ina zuwa. Malume, kai ne babba a nan. A ganinka wane irin mutum ne zai yi wa tebur haka?"

Hadebe na zaune a kujerar da Sajan ya ba shi a tsakiyar ɗaki. Ya gyara zama, ya fuskanci jama'a, ya fara magana a nutse, yadda ya saba. Ya ce wanda ya yi wannan bai san darajar wasa ba, ya ce a zamaninsu ko kwalba ba a ɗorawa a bakin tebur. Yana cikin magana MaTshuma ta taka a hankali ta zagaya ta hagunsa, ta tsaya dab da kafaɗarsa, ta miƙa masa hannu kamar mai neman gaisawa.

Ya ci gaba da magana. Hannun na nan a miƙe, tazararsa da kuncinsa ba ta kai taƙi ɗaya ba. Mutanen taga suka fara kallon juna. Nomvelo ta sa hannu ta rufe baki. A Njube ba a taɓa ganin Malume Hadebe ya bar hannun mace a miƙe ba. Shirun ɗakin ne ya sa maganarsa ta fara tsinkewa, har ta tsaya.

"Malume," in ji MaTshuma a hankali, "tun ɗazu hannuna yake nan."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, firgigit, sannan ya gan shi.

"Na taɓa bin wani tsohon ɓauna da ƙaya ta tsone wa ido," in ji ta. "Duk abin da ke damansa yana kauce masa, duk abin da ke hagunsa sai ya buge shi. Sawun da ke bayan gidan nan haka yake, ga fitila a kunne. Bokiti, itace da tiyo suna dama, an kauce musu. Akwatuna, kwata da turke suna hagu. In ka ɗaga wandonka, ina jin za mu ga inda bakin kwata ya gaisa da ƙaurinka."

Hadebe bai ɗaga wando ba. Gilashin ya cire, ya ɗora a gwiwa. Idon hagu ya yi fari fat kamar an ɗiga masa nono.

"Na daman ma ya fara," in ji shi, muryarsa ta dushe. "Ƙwallon da ke can ƙarshen tebur biyu nake ganinta. Na ce in an ɗaga wasan ko da wata ɗaya ne, wataƙila in sami dabara. Ban iya tsayawa gaban yaran da na koya wa riƙon sanda ina dukan iska suna dariya ba." Ya taɓa gilashin da ke gwiwarsa. "Chirwa ya fita bayi ya bar ƙofa, na shiga. Ina gamawa na juyo, ashe ya dawo yana tsaye ta wannan gefen. Ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba. Na bangaje shi, kansa ya daki bakin tebur."

"Sai ka sa takalmina," in ji Velaphi.

Hadebe ya sunkuyar da kai.

"Ka san abin da za a ce. Ka san inda na fito. Da safe kana gida kana goge naka takalmin, ana neman fetur a ƙona min ɗaki."

"Na sani, ɗana. Wannan ba ido ba ne ya jawo shi, ni ne."

Velaphi ya tashi ya fita ta kicin. Babu wanda ya tare shi. Nomvelo na kuka a fili, ba ta ko ɓoyewa.

"Da ka gaya min, Malume," in ji ta. "Da na jira ka. Ko shekara ce da na jira."

Sajan ya dafa kafaɗar Hadebe, ya ce su tafi. Bai sa masa ankwa ba. Da za su sauka daga matakalar ƙofa, MaTshuma ta ga Sajan ya koma ta hagunsa ya riƙe masa gwiwar hannu.

* * *

Khulu Chirwa ya farka washegari, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ci wasa. Da aka ba shi labari ya yi tsaki ya ce, "Wawan tsoho. Yanar ido ce fa! Ni da aka kankare min tawa a asibitin nan, har allura nake zura wa zare." A gaban alƙali ya tsaya da rawanin bandeji ya ce shi dai karo aka yi, kuma ya yafe. Alƙali ya ce yafiyarsa ba ta ɗinke tebur ba, ba ta kuma wanke sunan Velaphi ba. Ya ɗora wa Hadebe gyaran tebur da watanni yana share harabar asibitin unguwa.

Samarin da suka ɓalle ƙofa, MaTshuma ta bi su gida-gida, da yake ta san sawun kowannensu, har sai da suka kafa sabuwa suka yi mata fenti. Velaphi ya koma bakin gashinsa. Ran Lahadi 'yarsa ta fara zuwa, tana zama kan akwati tana cin soyayyen dankali. Hadebe ya zo neman gafara ya fi a ƙirga. Velaphi yakan amsa gaisuwa, ya juya naman da ke kan wuta. MaTshuma ta ce a ƙyale shi, ciwon da aka yi da gangan ba ya warkewa ranar da aka so.

Da yake Hadebe ya fita daga gasar, Nomvelo ta tafi Harare ta dawo da lambar ta uku, aka sha kiɗa har unguwa ta gaji. Amma kofin Njube ta ce kada a rubuta sunanta a jiki, ba ta ci kowa ba tukuna.

Chirwa ne ya ja Hadebe da hannu ya kai shi layin masu ciwon ido, ya zauna yana yi masa faɗa har aka kira sunansa. Bayan an cire bandeji ido ya washe, aka sa ranar wasansa da Nomvelo, wata Juma'a da yamma. Mashayar ta cika har Zikhali ya rufe tasa ya zo da kujerunsa. MaTshuma na wurinta kusa da firji.

Hadebe ya buga wasan da aka daɗe ba a gani ba. Ya ci na farko, Nomvelo ta ci biyu a jere, ya rama, ɗaki ya kaure. A na ƙarshe ya bar mata baƙar ƙwallo a maƙale a bayan tasa, inda kowa ya ce ba hanya. Nomvelo ta zagaya teburin, ta goga alli, ta sunkuya. Farar ta daki bango, ta daki na biyu, ta zo ta shafi baƙar a gefe, baƙar ta gangara a hankali kamar mai jin kunya ta faɗa rami.

Ihun da aka yi sai da kwalabe suka yi ƙara. Hadebe ya daɗe tsaye yana kallon ramin. Sannan ya ajiye sandarsa a kan tebur, ya fashe da dariya har da hawaye.

"Kun gani?" yake cewa, yana kama duk wanda ke kusa. "Kun ga abin da yarinyar nan ta yi? Saura kaɗan a yi wannan ban gani ba!"

Ana cikin hayaniyar wani faranti ya sauka a gabansa, ƙafar saniya da tuwo, yana tururi. Ya ɗaga kai. Velaphi ne, yana goge hannu a gaban riga.

"Ci da zafinsa, Malume," in ji shi. "In ya huce ba na sake ɗumamawa."